Wace ciyawar ado ce za ta jure ranin Kano a harabar gida?

Uwargida Mai Son Lambu, Kano

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sha'awar shuke-shuke. Ina neman shawararku game da ciyawar ado. Ba gajerar nan da ake shimfiɗawa a fili ana aske ta da inji nake nufi ba, doguwar nake nufi, wadda take tashi cunkus a tushe ɗaya ta fitar da geza, iska tana kaɗa ta. Mun tare a sabon gida a bayan gari ta wajen hanyar Gwarzo, kuma akwai wani siririn fili tsakanin katanga da daɓen da mota take bi, faɗinsa kamar mita 1.5, tsawonsa kuma zai kai mita 12. Ƙasar wurin jigawa ce, rairayi ya fi yawa, ga ɓaraguzan siminti da magina suka bari a ciki. Rana tana dukan wurin tun daga hantsi har la'asar, kuma ba mu haƙa rijiyar burtsatse ba tukuna, daga hannun 'yan garuwa muke sayen ruwa, saboda haka duk shukar da za ta buƙaci ban ruwa safe da yamma ta fi ƙarfina.

Abin da ya ja hankalina tun farko shi ne hotunan ciyawar pampas da nake gani a Instagram, mai farar geza ɗin nan da ake ƙawata wuraren biki da ita. Da na je wajen masu sayar da furanni a bakin titi ban same ta ba, sai suka nuna mini wata jar ciyawa mai lanƙwasasshiyar geza kamar wutsiyar kyanwa, suka ce ita ce daidai da ni. Maigida kuma ya nuna rashin amincewa da maganar gaba ɗaya, yana cewa duk wanda ya tara doguwar ciyawa a gida ya gayyato macizai, ga mu da ƙananan yara. Wace iri ce za ta rayu a wuri irin wannan, yaushe ya kamata a dasa ta, kuma yaya ake kula da ita idan rani ya yi tsanani? Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malamin Gona Mai Ritaya, Samaru

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanya albarka a sabon gida. Zan fara da pampas domin mu kawar da ita daga hanya. Asalinta daga filayen Kudancin Amurka ne, wajen Ajantina da Yurugwai da kudancin Burazil, inda zafi bai kai namu ba kuma ba a yin watanni bakwai a jere babu ɗigon ruwan sama. A Kano, inda zafin Afrilu yake haura digiri 40, za ki yi ta zuba mata ruwan saye don ta rayu kawai, kuma babu tabbacin za ta ba ki gezar da kika gani a hoto. Ko da ta yi kyau, tushenta yana yin faɗin da zai cinye filin naki duka, kuma gefen ganyenta yana da kaifin da yake yanka hannu, abin da bai dace da gidan da yara suke guje-guje ba.

Kafin a zaɓi kowace ciyawa, tambayar da ya kamata a fara yi ita ce yadda take yaɗuwa, domin a nan ne mafi yawan mutane suke jawo wa kansu aikin shekaru. Akwai ciyawar da take zama a tushe ɗaya, tana ƙara kauri a hankali daga inda aka dasa ta, irin su gamba da jema da tsaure da nobe. Akwai kuma wadda take tura jijiya ta ƙarƙashin ƙasa ko ta yi yaɗo a samanta, irin su tofa da kiri-kiri. Tofa tana da farar geza mai sheƙi da za ta iya ruɗar mai neman ado, amma ina roƙonki kada ki bari ko guntun jijiyarta ya shigo gidanki, domin tana huda ƙasa ta ɓullo ta tsakanin tubalan daɓe, kuma duk guntun da ya karye wajen cirewa sabon tsiro ne. Manoma sun san wahalar da take ba su a gona. Don haka idan za ki sa a kawo miki ƙasar fadama ko taki a mota, a tankaɗe shi a gabanki, a tsince duk wata farar saiwa mai gaɓa-gaɓa da ƙwayoyin aya-aya kafin a zuba.

Shawarata ita ce ki gina lambun a kan ciyayinmu na gida, sannan ki ƙawata shi da baƙuwa ɗaya ko biyu. Gamba ce ta farko. Mutanenmu ba sa kallonta a matsayin abin ado saboda sun saba ganinta a iyakar gona, ana yanka ta a saƙa zana, amma duk wanda ya tsaya ya dubi tushen gamba a watan Oktoba, lokacin da ta fitar da kai mai gashi fari-fari, ya san ba ta gaza wa ciyayin da ake sayowa da tsada ba. Tana jure ƙasa maras ƙarfi, tana jure dogon rani ba tare da ban ruwa ba da zarar saiwarta ta kama, kuma tana daga cikin ciyayin da suke fara toho tun ruwan farko bai gama jiƙa ƙasa ba. Darajarta ta kai har masu bincike suka ɗauki irinta daga tashar bincike ta Shika da ke nan kusa da mu suka kai Kolombiya a shekarun 1970, aka mai da ita ciyawar kiwo a can da kuma Burazil. Matsalarta ɗaya ce a wuri irin naki, wato tsawo, domin idan ta ji daɗi tana kai mita 3 ko fiye. A fili mai faɗin mita 1.5 ba a jera ta a yi layi. Tushe uku sun isa, ɗaya a kowane ƙarshe, ɗaya a tsakiya, kuma a ja su nesa da katanga da kamar rabin mita.

Idan akwai wurin da indararo yake zubar da ruwan rufi, ko inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, jema ce ta dace da shi. Ciyawar fadama ce, ba ta damu da ruwa ya kwanta mata ba, ganyenta a miƙe yake tsaf, kuma saiwarta tana nutsawa ƙasa ne kai tsaye ba ta bazuwa gefe, shi ya sa take riƙe ƙasa ta hana zaizaya. 'Yar uwarta ta ƙasar Indiya ce Bankin Duniya ya yi ta tallata wa manoma tun daga shekarun 1980 domin tare zaizayar ƙasa a gangare.

Game da lokacin dashe, kada ki yi gaggawar bin ruwan farko na Mayu, domin sau da yawa yakan ɗauke na mako biyu ko uku ya bar dashe a cikin zafi. Ki jira damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Kafin nan a kwashe ɓaraguzan simintin gaba ɗaya zuwa zurfin kamar santimita 40, a gauraya rairayin da ruɓaɓɓen takin gargajiya wanda ya shekara. Ba iri ake shukawa ba, tsohon tushe ake farfasawa da diga, a ɗauki ɓangare mai kara huɗu ko biyar da saiwarsa, a datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, a dasa da yamma. Takin zamani kuwa, musamman yuriya, ki yi nesa da shi. Yana sa ciyawa ta yi tsawo da laushi, iskar hadarin Agusta ta kwantar da ita a kan hanyar mota, kuma ciyawar da ta kwanta ba ta sake miƙewa da kyau a wannan shekarar.

Maman 'Yan Biyu, Jos

Baba Malamin Gona ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara lafiya. Sai dai ina so in ɗan kare jar ciyawar da aka nuna wa Hajiya, domin a ganina masu furannin ba su yaudare ta ba a wannan karon. Dangin gero ce da kyasuwa, kuma asalin jinsinta daga busassun yankunan Afirka da ƙasashen Larabawa ne, don haka zafi ba baƙonta ba ne. Tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, wanda ya yi daidai da siririn fili, kuma tana fitar da geza na tsawon watanni, ba sau ɗaya a shekara kamar gamba ba. Rana ce take ƙara mata ja, idan aka sa ta a inuwa sai ganyen ya koma kore-kore ya yi laushi, saboda haka wurin da kika kwatanta ya dace da ita ƙwarai.

Abin lura shi ne iri biyu ne a kasuwa. Jar ba ta cika yin ƙwayar da take tsirowa ba, ta hanyar raba tushe ake yaɗa ta, don haka tana zama inda aka ajiye ta. Koriyar kuwa tana zubar da iri mai yawa, har ta zama annoba a wurare irin su tsibiran Hawayi na Amurka, kuma Tarayyar Turai ta sa ta cikin jerin tsirran da aka hana sayarwa a 2017. Idan za ki saya, ki dage a kan jar, kuma ki saya lokacin da ganyen ya nuna launinsa sosai domin kada a haɗa miki da ɗayar.

Inda ba zan ɓoye miki ba shi ne ruwa. Ba za ta yi haƙurin gamba ba. Mu nan muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarmu da sanyi, don haka kada ki ɗauki hoton lambun Jos ki auna naki da shi. A Kano za ta so a jiƙa ta sosai sau biyu a mako a lokacin bazara, kuma jiƙawa mai zurfi jefi-jefi ta fi yayyafin kullum, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana take ƙona ta. Ni a manyan tukwanen siminti nake ajiye tawa, masu huji a ƙasa da tsakuwa a gindi. Amfanin tukunya shi ne ruwan da kika zuba ba ya ɓacewa cikin rairayi, amma illarta ita ce jikinta yana ɗaukar zafi, kuma saiwa takan cika ta cikin shekara biyu, sai an zazzage an raba. Alamar lokacin rabawa ya yi, ko a tukunya ko a ƙasa, ita ce tsakiyar tushen ya bushe ya mutu, sabon toho ya koma fitowa ta gefe kawai. A yar da mataccen tsakiyar, a dasa na gefen.

Wani abin da nake yi wanda yake ƙara mata kyau shi ne tsefe ta da hannu sau ɗaya a wata, a zare busassun ganyaye da tsofaffin geza. A sa safar hannu, domin ganyen yana sa ƙaiƙayi.

Ɗan Katsinar Maraɗi

Gaisuwa ga kowa da kowa. Mu nan ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 ba, kusan rabin na Zariya ke nan, kuma duk da haka gamba tana rayuwa a gefen gonakinmu, don haka maganar Malam a kan juriyarta gaskiya ce. Amma akwai abin da nake so a faɗa wa Hajiya tun yanzu, wato wuta. Masu rubutu a kan lambu daga ƙasashen sanyi suna cewa a bar busasshiyar ciyawa a tsaye har ƙarshen hunturu domin kyanta, kuma mutanenmu suna karantawa su kwaikwaya. Hunturunsu jiƙaƙƙe ne, namu kuwa busasshe ne mai iska. Busasshiyar gamba mai tsawon mita 3 a jikin katanga, kusa da inda ake ajiye mota da janareta, ga maƙwabta suna ƙona shara a waje, ba abin wasa ba ne. A arewacin Ostireliya, inda aka kai ta domin kiwo a shekarun 1930, gobarar da take haddasawa tana da zafin da yake kashe manyan itatuwa, har gwamnatinsu ta sa ta cikin miyagun ciyayi na ƙasa a 2012. A dajinmu dabbobi da masu saƙar zana ne suke rage ta kowace shekara, a cikin gida kuwa babu mai rage ta sai mai gidan.

Saboda haka ni a ganina a more gezarta daga Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, da zarar karan ya fara zama ruwan ƙasa a sa lauje a yanke, a bar taƙi ɗaya a ƙasa. Karan ba asara ba ne, masu zana za su karɓa da murna, ko a yi rumfa da shi.

Ga wuraren da suke tsakanin tushen gamba, ina ba da shawarar nobe. Gajera ce, tana yin dunƙule mai kyau, ganyenta siriri ne mai ƙamshi idan aka murza, kuma ciyawar busasshiyar ƙasa ce ta asali wadda ba ta neman komai daga hannun mutum. Dabbobi ma ba su cika damuwa da ita ba saboda ƙamshin, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan akuyar maƙwabta ta saba leƙowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Kyasuwa kuma, wadda na san wani zai kawo maganarta saboda jar gezarta a lokacin kaka, ba na ba da shawarar a shuka ta. Shekara ɗaya take yi ta mutu, kuma kafin ta mutu ta watsa iri ko'ina, badi ki same ta a cikin kwata da tukwanen furanni da gindin katanga. Wanda yake sonta ya yanko gezar daga bayan gari ya sa a kwalba a falo.

Uwargida Mai Son Lambu, Kano

Na gode ƙwarai, Baba, da ke Maman 'Yan Biyu, da kai Malam na Maraɗi. Na fasa neman pampas. Yadda na fahimta, zan sa gamba tushe uku, jema a bakin indararo, sannan in cike tsakani da jar ciyawar da nobe idan na samu. Saura maganar da ta fi damun maigida, domin har yanzu ba a taɓa ta ba. Wata maƙwabciyata ta ce in jera ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemon tsami a gaba, wai tana korar macizai da sauro gaba ɗaya. Shin haka ne? Sannan unguwarmu akwai gara sosai, ko za ta cinye tushen idan an yanke shi a rani?

Malamin Gona Mai Ritaya, Samaru

Hajiya, damuwar maigidanki tana kan hanya, kuma bai kamata a kwantar masa da hankali da maganar da ba ta da tushe ba. Ciyawar lemon tsami shuka ce mai kyau, tana zama a tushe ɗaya, ba ta cika yin fure ba balle ta watsa iri, kuma za ki riƙa tsinkar ganyenta kina dafa shayi. Amma ba ta korar maciji. Tushenta mai duhu da laima ma wurin fakewa ne kamar na kowace ciyawa. Batun sauro kuwa, man da ake tatsa daga danginta ne yake korarsa na ɗan lokaci idan an shafa ko an ƙona, shukar da take tsaye a lambu ba ta hana sauro shiga ɗaki. Ki dasa ta domin shayi da ƙamshi, kusa da inda ake alwala ko wanke-wanke, domin ta fi gamba da nobe son ruwa nesa ba kusa ba, kuma gidan sauro ya ci gaba da zama a kan gadon yara.

Maciji abinci da maɓoya yake bi. Inda ɓeraye da kwaɗi suka samu wurin zama, nan yake zuwa, don haka tarin bulo da itacen girki da buhunan hatsi da kwatar da ba ta gudu sun fi tushen ciyawa uku jawo shi. Abin da za ki yi a lambun shi ne ki bar tazarar da ido zai ga ƙasa tsakanin kowane tushe da na kusa da shi, mita ɗaya ga jar ciyawar da nobe, fiye da haka ga gamba. Kada ganyen wani ya haɗe da na wani su zama duhuwa ɗaya. A riƙa zare busassun ganyayen da suke kwantawa a gindi, a shimfiɗa tsakuwa a tsakanin tushen maimakon busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, a toshe ramukan da suke gindin katanga da ƙasan ƙofar gida, sannan a sa fitila a wannan ɓangaren da dare. Unguwannin bayan gari da ba a gama gine su ba sun fi fuskantar wannan matsala, musamman a farkon damina da lokacin kaka, don haka a koya wa yara kada su cusa hannu cikin tushen neman ƙwallo, su kira babba ya zaro da sanda.

Na yarda da ɗan uwana na Maraɗi a kan yanke gamba da wuri, kuma dalilinsa yana da ƙarfi a gidan da yake da janareta. Inda zan bambanta kaɗan shi ne jar ciyawar. Ita tunda ana ba ta ruwa, ba ta bushewa ƙurmus, kuma idan aka aske ta a tsakiyar hunturu ko a tsananin zafin Maris, sabon tohon yana fitowa ne cikin iska mai ƙona ganye. A bar ta sai ƙarshen Mayu, lokacin da iska ta juya ta fara ɗauko laima, sannan a yanke ta a zuba mata ɗan ruɓaɓɓen taki a gefe.

Gara kuwa busasshen abu take nema, ba ta cika taɓa tushe mai rai da lafiya ba. Za ki ga ta yi gini a jikin guntayen karan da aka bari bayan yanka, wannan ba abin tsoro ba ne, a farfasa ginin da sanda a kwashe karan da ya mutu. Abin da yake jawo ta da yawa shi ne ɗanyen taki mai haɗe da kara da ɓaraguzan katako da magina suke binnewa, shi ya sa na ce a tone wurin sosai tun farko. A shekarar farko kawai, ko gamba ma ki ba ta bokiti ɗaya a kowane tushe duk bayan kwana goma daga Fabrairu zuwa saukar ruwa, domin saiwarta ba ta gama nutsawa ba. Daga shekara ta biyu ki bar ta da ruwan sama, kuɗin garuwar ya tafi ga jar ciyawar da ta shayi.